Yadda Giyar Keke Ta Daina Lalube

Duk wanda ya taɓa hawan keke mai giya irin na zamanin nan ya san 'yar ƙarar nan da liba take yi idan an taɓa ta: ƙas! Ƙara ɗaya, sarƙa ta tsallaka faifai ɗaya, ta zauna daram. Yaro ɗan shekara goma ma yana iyawa, ko da kuwa jiya ya koyi hawa. Saboda sauƙin abin, da wuya mutum ya tsaya ya tambayi kansa, shin wa ya gaya wa sarƙar nan inda za ta tsaya?

Kafin shekarar 1984, a kan yawancin kekuna masu faya-fayai da yawa a ƙafar baya, mahayi ne yake gaya mata. Da yatsunsa da kunnensa yake laluben wurin, kamar yadda ake murɗa akwatin rediyo ana neman tasha. Wannan aiki na lalube an yi shekaru ana ƙoƙarin ɗauke shi daga jikin ɗan Adam a ɗora wa ƙarfe, ana faɗuwa. Dalilin faɗuwar kuwa abin lura ne ga mai nazarin halittu, domin yana nuna irin aikin da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa suke yi a ɓoye, wanda ba a ganin girmansa sai an ce ƙarfe ya yi.

Me ya sa ake bukatar giya?

Amsar tana cikin tsokar cinya. A shekarar 1938 wani masanin aikin jiki ɗan ƙasar Ingila, A. V. Hill, wanda ya sami kyautar Nobel tun 1922, ya bayyana sakamakon awon da ya yi da tsokar kwaɗo. Ya nuna cewa gwargwadon saurin da tsoka take takurewa, gwargwadon raguwar ƙarfin da take iya ja da shi. Idan kaya ya yi mata nauyi ƙwarai, takan ja da iyakar ƙarfinta amma ba ta motsa komai. Idan kuma babu kaya, takan takure da iyakar sauri amma ba ta jan komai. Aiki mai amfani yana tsakanin biyun, kuma tsoka ta fi ba da shi idan tana takurewa da kimanin kashi ɗaya cikin uku na iyakar saurinta.

Saboda haka ƙafar mahayi tana da saurin da ya fi dacewa da ita. Yawancin mutane sukan juya feda sau 60 zuwa 90 a minti. To, amma hanya ba ruwanta da wannan. Ga hawa, ga gangara, ga iska, ga buhun hatsi a bayan keke. Aikin giya shi ne ta bar ƙafa tana juyawa yadda take so, alhali saurin taya yana canzawa.

Ga lissafin, ga mai son gwadawa a aji. A tsohon keken tsere, babban faifan gaba yakan kasance da haƙora 52, ƙaramin faifan baya kuma 14. Raba 52 da 14, za ka sami kusan 3.7, wato juyin feda ɗaya yana juya taya sau 3.7. Kewayen tayar kimanin mita 2.1 ne, don haka keken ya ci mita 7.8. In aka mayar da sarƙa kan faifai mai haƙora 42 a gaba da mai 28 a baya, juyi ɗaya bai wuce mita 3.2 ba. Tafiya ta ragu, amma nauyin feda ma ya ragu da daidai wannan gwargwado, sai a hau tudu ba a sauka an tura ba.

Ƙas ta farko a cikin hob take

Giya mai ƙas ta girmi duk wanda ke raye a yau. A 1902 aka yi rajistar giya mai hawa uku ta Sturmey-Archer a birnin Nottingham, a ƙarƙashin kamfanin Raleigh, wanda dattawanmu ba sa bukatar a gabatar musu da kekunansa. Sunayen Henry Sturmey da James Archer aka sa wa giyar, ko da yake masu binciken tarihin keke sun tabbatar cewa ainihin ƙirar ta wani injiniya ce mai suna William Reilly.

Wannan giya a ɓoye take cikin hob, wato cibiyar ƙafar baya. A ciki akwai wani ɗan faifai mai haƙora a tsakiya, da waɗansu ƙanana suna kewaya shi kamar yadda duniyoyi ke kewaya rana, da wani zobe mai haƙora ta ciki da ya rufe su duka. A samfurin da ya fi shahara, mai suna AW, wanda ya fito a 1936, giya ta biyu tana juya taya daidai da faifan sarƙa, ta farko tana rage kashi ɗaya cikin huɗu, ta uku kuma tana ƙara kashi ɗaya cikin uku. Irin wannan giya ba ta da tsaka-tsaki mai amfani: ko haƙora sun kama, ko ba su kama ba. Don haka tun farko libarta mai gurabe ce, kuma a ƙarshen shekarun 1930 aka fito da 'yar kunamar nan ta kan keke mai lamba 1, 2, 3.

Sai dai tun a nan aka ga aibin da zai bi kowace giya mai ƙas. Libar makauniya ce. Abin da ta sani kawai shi ne ta ja waya iyakar tsawo kaza, ba ta san abin da ya faru a can baya ba. A tsohuwar AW akwai wani gurbin banza tsakanin giya ta biyu da ta uku. Idan waya ta saki kaɗan, liba za ta nuna 2, amma feda ta juya fayau ba ta kama komai ba. Wanda abin ya same shi yana tsaye kan feda a tsakiyar hawa ba ya mantawa.

Zamanin lalube

A ƙasar Faransa aka raini ɗaya hanyar, wato a jera faya-fayai masu girma daban-daban a gefen ƙafar baya, a sa wani ƙarfe yana tura sarƙa daga wannan zuwa wancan. Sunan da Faransawa suka ba ƙarfen yana nufin abin da ke goce jirgin ƙasa daga dogo. Mu a nan za mu kira shi maturin sarƙa. Masu yawon duwatsu sun daɗe suna amfani da shi, amma shugabannin gasar Tour de France ba su yarda a shiga tsere da shi ba sai a 1937. A farkon shekarun 1950 kamfanin Campagnolo na Italiya ya fito da maturi mai suna Gran Sport, wanda ke lilo a kan hannuwa biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma a kan wannan siffa ake har yau.

Libar wancan zamani ba ta da gurbi ko ɗaya. An ɗaure ta da noti ne kawai, gogayya tana riƙe ta duk inda aka bar ta. A jikin bututun keke take, ƙasa da kai, sai mahayi ya saki hannu ɗaya ya sunkuya. Zai ja libar har sarƙa ta tsallaka. Da yake sarƙar tana da taurin kai, ba ta tsallakawa sai maturi ya ɗan wuce faifan da ake nufi, sa'an nan dole mahayi ya komo da libar baya kaɗan har ƙarar gogar ƙarfe ta ɗauke. Ja, wuce, komo, saurara. Gwani yakan gama duka cikin ƙiftawar ido, ba tare da ya duba ba.

Bari mu dubi abin da ke gudana a jikinsa a wannan ɗan lokaci. A cikin tsokokin hannu akwai waɗansu 'yan ƙananan ma'aunai masu siffar mazari, waɗanda ke sanar da laka da ƙwaƙwalwa iyakar miƙewar tsoka. A inda tsoka ta haɗu da agara kuma akwai waɗansu masu auna ƙarfin ja. Da su ne mutum yake sanin inda yatsansa yake ko da idonsa a rufe, kuma Charles Sherrington ne ya raɗa wa wannan ji suna a 1906. Tafin ƙafa yana jin lokacin da nauyin feda ya canza. Kunne yana jin sarƙa. Duk waɗannan saƙonni suna komawa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aiko da gyara. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya tana da babban hannu wajen koyon irin wannan motsi, har ya zama jiki.

Amfanin wannan tsari shi ne yana yafe kuskure. Waya ta saki? Maturi ya ɗan lanƙwashe? Faifan na wani kamfani ne, sarƙar ta wani? Duk ba komai, hannu zai ƙara ko ya rage har ƙara ta ɗauke, kuma mahayin bai ma san ya rufa wa ƙarfe asiri ba. Illarsa kuwa biyu ce. Ta farko jinkiri: mutum yana bukatar kusan kashi ɗaya cikin shida na sakan kafin ya amsa ƙarar da ya ji, kuma gyara ɗaya ba ya isa kullum. Ta biyu, sai an koya. Mutane da yawa da suka sayi keke mai giya goma sukan bar shi a giya ɗaya har ya tsufa, don tsoron kacaniyar sarƙa.

Waɗanda suka riga lokaci

A 1969 kamfanin SunTour na Japan ya fito da liba mai gurabe biyar. Ba ta karɓu ba, aka janye ta. A tsakiyar shekarun 1970 abokin hamayyarsa Shimano, wanda aka kafa a garin Sakai a 1921, ya gwada tasa dabarar mai suna Positron.

Positron ta cancanci a tsaya a kanta, domin masu ƙirarta sun gane matsalar sarai. Sun san waya ba abar amincewa ba ce, tana miƙewa, kubenta yana matsewa. Sai suka ɗauke guraben daga liba suka kai su jikin maturin kansa, kusa da sarƙa, inda kuskuren waya ba zai dame su ba. Samfurin farko wayoyi biyu gare shi, ɗaya ta ja nan, ɗaya ta ja can. Na biyu kuma waya ɗaya ce ƙaƙƙarfa, ba murɗaɗɗiya ba, mai iya ja da turawa. A kan waɗansu kekunan har an haɗa ta da wata dabara ta mayar da firiwil wajen feda, don sarƙa ta ci gaba da juyawa ko mahayi ya daina taka feda, ya iya canza giya a gangara.

Tunanin yana da kyau, amma kamfanin ya ɗora ta a kan kekuna masu araha, na 'yan koyo, waɗanda aka ƙera da kayan da awonsu bai cika daidai ba, kuma sau da yawa waɗanda suka haɗa su a kanti ba masu gyaran keke ba ne. Wayar ta musamman ce, in ta lanƙwashe ba a samun madadinta a ko'ina. Ƙwararrun mahaya suka ɗauki giya mai ƙas a matsayin abin wasan yara. A ganina darasin Positron shi ne, na'urar da ba ta gani ba ta ji ta fi kowace bukatar kaya masu inganci, ga shi kuwa ita aka ba mafi arha.

Abin da ya canza a 1984

A wannan shekara Shimano ya sake fitowa, amma ta sama. Ya sa sabon tsarinsa mai suna SIS a kan Dura-Ace, kayansa mafi tsada na 'yan tsere, mai faya-fayai shida. Guraben suka koma cikin liba. Abin da ya sa aka dace a wannan karo shi ne an bi duk wata kafa da kuskure ke shigowa an toshe ta.

Da farko an daidaita tazarar faya-fayai: milimita 5.5 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, ba ƙari ba ragi. A yawancin maturan kamfanin da suka biyo baya, in waya ta motsa milimita 1, maturi yana motsa 1.7, don haka kowace ƙas tana jan waya kimanin milimita 3.2. Mai karatu ya dubi rula ya ga ƙanƙantar wannan. Kuskuren milimita ɗaya a waya ya kusa kashi ɗaya cikin uku na giya guda.

Na biyu, kuben waya. Tsohon kube ƙarfe ne da aka naɗe kamar sifirin, in aka ja waya sai ya matse, in aka juya kan keke sai tsawonsa ya canza. Aka ƙera sabo wanda siraran wayoyinsa suke kwance a tsaye, bin tsawon kuben. A nan akwai gargaɗi ga ɗalibai masu gyaran kekunansu: kada a kuskura a sa irin wannan kube a birki, domin yana iya fashewa in an matsa da ƙarfi.

Na uku shi ne mafi ban sha'awa, kuma ba Shimano ne ya ƙago shi ba. Jerin faya-fayai siffar dala gare shi, ƙarami a waje, babba a ciki. Tsofaffin matura a miƙe suke lilo, don haka a ƙarƙashin babban faifai suna kusa, a ƙarƙashin ƙarami kuma suna nesa. In tazarar ta yi yawa, sarƙa takan lanƙwasa maimakon ta tsallaka, shi ya sa sai an wuce an komo. A 1964 wani injiniyan SunTour, Nobuo Ozaki, ya karkata hannuwan maturi don su bi gangaren dalar, tazara ta zama kusan ɗaya a ko'ina. Haƙƙin mallakar wannan ƙira ya hana kowa kwaikwayo shekara 20. Yana ƙarewa a 1984 Shimano ya ɗauka. Ya kuma ƙara wata 'yar dabara: ɗan wilin sama da ke jagorar sarƙa aka bar shi yana ɗan wasa hagu da dama, don in an sami ƙaramin kuskure ya gyara zamansa da kansa. Wato ɗan abin da yatsa ke yi da, an bar wa wannan wili.

Duk da haka masu ƙirar ba su saki jiki ba. A gefen libar akwai wani ɗan zobe da za a murɗa a kashe guraben, a koma lalube, in keke ya faɗi maturi ya lanƙwashe a tsakiyar tsere.

Ribar ƙafa da kuɗin da aka biya

Cikin shekaru biyu zuwa uku tsarin ya sauko kan kekuna masu matsakaicin kuɗi da kekunan hawan dutse, kasuwa kuma ta juya gaba ɗaya. A 1987 SunTour ya fito da nasa, AccuShift, amma masu haɗa kekuna suka riƙa gama shi da tsofaffin faya-fayai da sarƙoƙin da ke jibge a rumbunansu, ya ƙi aiki sosai, laifi ya koma kan SunTour. Kamfanin da ya ƙago karkataccen maturi bai kai ƙarshen shekarun 1990 a matsayinsa na da ba. Sunan ya rage, a hannun wani kamfani. Campagnolo ma ya yi ƙoƙarin yin liba mai suna Syncro wadda za ta yi aiki da kayan kowa, ta hanyar canza wani zoben gurabe a cikinta, abin bai yi armashi ba. A 1989 Shimano ya sassaƙa wa faya-fayai 'yan matakala da ke ɗaga sarƙa, a 1990 kuma ya haɗe libar giya da ta birki a kekunan tsere, mahayi ya daina sakin kan keke. Wannan ba ƙaramar riba ba ce ta fuskar tsira da lafiya.

Abin da aka rasa shi ne 'yancin gauraya. A da, liba ta Faransa da maturi na Japan da faifai na Italiya suna zama lafiya a keke ɗaya. Yanzu liba mai ƙas bakwai tana neman faya-fayai masu tazarar milimita 5, ta takwas ta Shimano tana neman 4.8, kuma maturin wani kamfani yana iya ƙin jin yaren libar wani. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kekunan gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu daga Turai da Japan kowanne da irin kayansa, mai gyara kuwa abin da ya samu da shi yake aiki. Sau da yawa giyar da ake cewa ta lalace lafiyarta lau. Ko dai waya ce ta saki, wadda murɗa ɗan notin da ke bakin kube rubu'in juyi sau ɗaya ko biyu zai gyara, ko ƙarfen da maturi ke rataye a jiki ne ya lanƙwashe, ko kuwa an aurar da kayan da ba su dace ba. In na ƙarshen ne, tsohuwar libar lalube ita ce magani mafi sauƙi, don ba ta tambayar asalin kowa.

Wani ƙwaro ya riga mu

A 2013 masana biyu a Jami'ar Kambirij, Malcolm Burrows da Gregory Sutton, suka ba da labarin wani ɗan ƙwaro mai tsalle da ake samu a lambunan Turai, mai suna Issus. Ƙaraminsa, wanda bai gama girma ba, yana da haƙoran giya na gaske a gindin ƙafafunsa na baya, guda 10 zuwa 12 a kowane gefe, a kan layin da bai kai rabin milimita ba. In zai yi tsalle, haƙoran dama suna shiga tsakanin na hagu.

Dalili kuwa jinkirin jijiya ne. Tsallen yana ƙarewa cikin kimanin kashi 2 cikin 1,000 na sakan. In ƙafa ɗaya ta riga ɗaya ko da kaɗan, ƙwaron zai wuntsila a iska. Saƙon jijiya ba shi da saurin da zai daidaita su, amma haƙoran suna sa ƙafafun biyu su tashi tare, bambancinsu bai wuce kashi 30 cikin miliyan na sakan ba. Aikin da ya gagari jijiya sai aka sassaƙa shi a jikin ɓawon ƙwaro, kamar yadda aka sassaƙa aikin yatsa a guraben liba.

Abin mamaki, a saɓarsa ta ƙarshe, lokacin da ya zama babba, haƙoran sukan ɓace. Babban ƙwaro da gogayya yake daidaita ƙafafunsa. Bayanin da masanan suka kawo, a matsayin zato, shi ne ƙarami yana yin saɓa sau da yawa, in haƙori ya karye zai sami sabo a saɓa ta gaba. Babba kuwa ya gama saɓa, in nasa ya karye shi ke nan har mutuwa. Awon da aka yi ya kuma nuna cewa babban, da ba shi da haƙori ko ɗaya, ya fi ƙaramin saurin tashi.